Dokta Denis Burkitt, Likitan Da Ya Bi Sawun Sankarar Yaran Afirka

Daga Wakilinmu

A duk manyan asibitocin ƙasashen Afirka masu zafi da yawan ruwan sama, da wuya a sami likitan yara wanda bai san sunan Burkitt ba. Sunan wata irin sankara ne mai kama yara ƙanana, galibi 'yan shekara 4 zuwa 7, maza fiye da mata, ta kumbura musu muƙamuƙi ko ciki. Tana cikin cututtukan daji mafi saurin yaɗo a jikin ɗan Adam, domin ƙwayoyinta sukan ninka yawansu cikin kwana ɗaya ko biyu. Mutumin da cutar ta ci sunansa kuwa likitan fiɗa ne ɗan ƙasar Ailan, mai ido ɗaya, wanda yawancin bincikensa ya yi shi ne da taswira da wasiƙu da wata tsohuwar mota. Duk da haka, abin da ya gano a Yuganda shi ya kai masana ga bairos na farko da aka danganta da sankara a jikin mutum, ya kuma kai su ga fahimtar yadda ƙwayoyin gado guda biyu, idan suka haɗu a inda bai kamata ba, suke haddasa cutar daji.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Denis Parsons Burkitt ran 28 ga watan Fabrairu na shekarar 1911 a garin Enniskillen, cikin yankin da yanzu ake kira Ailan ta Arewa. Mahaifinsa, James Burkitt, injiniya ne mai kula da hanyoyi da gadojin lardinsu, amma a lokacin hutunsa nazarin tsuntsaye yake yi. Yana cikin mutanen farko da suka riƙa sa wa tsuntsaye zobba a ƙafa don a gane kowane ɗaya, sa'an nan ya riƙa zana taswirar yankin da kowane tsuntsu ya mallaka. Wannan ɗabi'a ta lura da abu a kuma sa shi a taswira, ita ce ɗan ya gada.

Yana da shekara 11 aka yi wani faɗa na 'yan makaranta, aka jefe shi da dutse, gilashin idonsa ya fashe, ya rasa idonsa na dama. A shekarar 1929 ya shiga Kwalejin Trinity ta birnin Dublin da niyyar karatun injiniya kamar mahaifinsa, amma daga baya ya koma fannin likita, saboda ya ɗauka cewa addininsa na Kirista yana kiransa ga hidimar marasa lafiya. Ya gama a shekarar 1935, kuma a 1938 ya ci jarrabawar ƙwararrun likitocin fiɗa ta Edinburgh.

Ya nemi aiki a ƙarƙashin Ofishin Kula da Ƙasashen Mulkin Mallaka na Ingila, aka ƙi ɗaukarsa, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne idonsa guda. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke sai ya shiga rundunar likitocin soja, aikin ya kai shi Kenya da Somaliya. A shekarar 1943 ya auri wata ma'aikaciyar jinya mai suna Olive Rogers, suka haifi 'ya'ya mata uku. Bayan yaƙi, da yake an ga ido ɗayan bai hana shi yin fiɗa a soja ba, sai aka ɗauke shi aiki, aka tura shi Yuganda a shekarar 1946.

Ya fara zama a garin Lira cikin gundumar Lango. Tun a can halinsa ya fara bayyana, domin ya lura cewa masu fama da gwaiwa sun fi yawa daga gabashin gundumar, ya ƙirga su, ya rubuta rahoto. A shekarar 1948 aka mai da shi Asibitin Mulago na birnin Kampala, inda ɗaliban likita na Kwalejin Makerere suke koyon aiki.

Yara biyu da suka sauya rayuwarsa

A shekarar 1957 wani abokin aikinsa, Dokta Hugh Trowell, ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara 5 wanda muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Burkitt bai taɓa ganin irin wannan ba, ya ɗauki hotonsa ya ajiye. Bayan 'yan makonni, yana rangadi a asibitin Jinja, sai ya ga wani yaron da irin wannan kumburi, kuma da ya taɓa cikinsa sai ya ji ƙullutai. Daga nan ya koma ya tono tsofaffin takardun asibiti, ya tarar an sha kawo yara masu ƙulli a muƙamuƙi, ko a bayan ido, ko a ƙoda, ko a wasu sassan ciki, ana ba kowane ɗaya suna dabam gwargwadon inda ya fito. Shi kuwa ya ga cewa cuta ɗaya ce take fitowa a wurare da yawa.

A shekarar 1958 ya buga bayanin yara 38 a mujallar likitocin fiɗa ta Ingila, amma mutane kaɗan ne suka kula. Abokan aikinsa masu duba nama da madubin likita, Gregory O'Conor da Jack Davies, su suka tabbatar cewa cutar limfoma ce, watau sankarar da ke tasowa daga fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, irin waɗanda ke taruwa a kaluluwa da saifa. Da Burkitt da O'Conor suka sake buga bayani a wata mujallar Amurka a shekarar 1961, sai duniyar likitoci ta waiwayo.

Doguwar tafiya

Burkitt ya so ya san iyakar ƙasar da cutar take. Da tallafin da bai wuce fam 25 ba, ya buga takardu masu hotunan yaran, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin Afirka yana tambaya ko sun taɓa ganin irinta. Duk amsar da ta zo sai ya soka fil a taswirar da ke bangon ofishinsa. A hankali filolin suka yi ɗamara a tsakiyar Afirka, daga yamma zuwa gabas, da wata jela da ta gangara ta gaɓar tekun gabas zuwa Mozambik.

A watan Oktoba na shekarar 1961 ya kama hanya tare da likitocin mishan guda biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, a cikin wata tsohuwar mota ƙirar Ford. Cikin mako 10 suka yi tafiyar mil 10,000, suka ziyarci asibitoci fiye da 50, har suka dangana da Afirka ta Kudu. Abin da suka gano shi ne, kusa da tsakiyar duniya ba a samun cutar a tuddan da suka wuce ƙafa 5,000, kuma duk yadda aka ƙara yin kudu sai iyakar ta ƙara saukowa, har ta zama sai a kwaruruka da bakin teku kawai. Wani masanin ƙwari a Cibiyar Binciken Bairos ta Entebbe, Alexander Haddow, ya taimaka wajen fassara wannan: sanyi ne yake yi wa cutar iyaka, domin ba a cika ganinta ba inda ma'aunin zafi yake sauka ƙasa da digiri 60 a awon Farenhait.

Bayan haka Burkitt ya ziyarci Afirka ta Yamma, har da Nijeriya da Ghana. A nan ya lura cewa cutar ta yi yawa a kudu mai yawan ruwa, ta kuma yi ƙaranci a wajen Kano duk da yawan jama'ar wurin. Ashe ruwan sama ma yana da hannu a ciki. Wannan ba ya nufin arewa ta tsira, domin asibitocin koyarwa na arewacin Nijeriya sun sha karɓar yara masu cutar a shekarun da suka biyo baya. Zafi da damshi kuwa su ne abin da sauro yake so, saboda haka aka fara zaton cewa wani bairos ne ƙwaro yake yaɗawa.

Bairos da zazzaɓin cizon sauro

A watan Maris na shekarar 1961, Burkitt ya gabatar da lacca a Asibitin Middlesex na Landan. A cikin masu sauraro akwai wani matashin masani, Anthony Epstein, wanda yake nazarin bairos mai haddasa sankara a jikin kaji. Ya roƙi Burkitt ya riƙa aiko masa da ɗan yankin naman cutar ta jirgin sama daga Kampala. Fiye da shekara biyu ana aikawa ba a ga kome ba. A ƙarshen shekarar 1963 hazo ya sa aka karkatar da jirgi zuwa Manchester, saƙon ya yi latti, ruwan da naman yake ciki ya gurɓace. Da Epstein ya duba sai ya ga ashe ƙwayoyin sankarar ne suka saki suna yawo da ransu. Da haka aka sami hanyar renonsu a kwalba, kuma a shekarar 1964 Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka ba da labarin sabon bairos, wanda aka sa wa suna Epstein-Barr. A wannan lokacin ne kuma Farfesa Pulvertaft a Ibadan ya reni ƙwayoyin cutar daga jikin wani yaro ɗan Nijeriya, har yau ana aiki da zuriyarsu a ɗakunan bincike na duniya.

Sai dai sabon bairos ɗin ya zo da tasa matsalar. An gano cewa ta miyau yake yaɗuwa, babu ruwansa da sauro, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da shi ba tare da wata sankara ba. A shekarar 1973 aka nuna cewa yana iya haddasa limfoma a jikin wasu ƙananan birai na Amurka ta Kudu, amma wannan bai bayyana dalilin ɗamarar da ke taswirar Burkitt ba. Amsar ta fito ne daga zazzaɓin cizon sauro. Taswirar cutar ta yi daidai da ta wuraren da zazzaɓin yake addabar yara shekara cur, kuma a tsibirin Zanzibar, inda aka yi yaƙi da sauro sosai a wancan zamani, da wuya ake ganinta. Burkitt bai tsaya kan ra'ayinsa na farko ba. A shekarar 1969 ya rubuta cewa bairos da zazzaɓi ne suke haɗa kai.

Samun magani

Fiɗa ba ta iya cutar, kuma a lokacin babu na'urar gasa sankara a Yuganda. Burkitt ya nemi magunguna daga Amurka da Turai, aka ba shi kyauta, irin su metotirekset da saikulofosfamaid. Abin mamaki, wasu yaran allura ɗaya ko biyu ta sa ƙullin ya narke cikin 'yan kwanaki, wasunsu kuma suka warke sarai. Dokta Peter Clifford a Nairobi da Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru mai aiki a Asibitin Koyarwa na Ibadan, su ma suka sami irin wannan sakamako. Wannan ya ƙarfafa gwiwar likitocin duniya cewa ana iya warkar da sankara da magani kawai. A shekarar 1967 aka buɗe cibiyar jinyar limfoma a Kampala, wadda ta zama Cibiyar Sankara ta Yuganda, kuma a 1972 Burkitt da Ngu suna cikin waɗanda aka ba lambar girma ta Lasker a Amurka.

Asirin da ke cikin ƙwayoyin gado

Har yanzu da sauran tambaya: me yake faruwa a cikin ƙwayar jinin da ta zama sankara? A cikin ƙwayar jikin mutum akwai zarurruka 46 da ake kira kuromosom, biyu-biyu, an ba su lambobi. A jikinsu ne ƙwayoyin gado suke jere, kowace ɗaya umarni ce da ƙwayar jiki take karantawa ta yi aiki da ita. A shekarar 1972 wasu masana 'yan Bulgariya, George Manolov da Yanka Manolova, suka ga cewa a cikin ƙwayoyin cutar Burkitt zare na 14 ya fi ƙa'ida tsawo. A 1976 Lore Zech da abokan aikinta a Sweden suka nuna cewa ƙarin daga zare na 8 ya tsinko.

A shekarar 1982 ƙungiyoyin bincike biyu a Amurka, ta Carlo Croce a Philadelphia da ta Philip Leder a Harvard, suka gano abin da ke kan guntun da ya tsinke. Wata ƙwayar gado ce mai suna MYC, wadda aikinta shi ne umartar ƙwayar jiki ta girma ta rabu biyu. Tun kafin nan an san ta daga wani bairos mai sa wa kaji sankarar jini. Inda ta faɗa a zare na 14 kuwa shi ne gefen ƙwayar gadon da ke sarrafa makaman garkuwar jiki, wadda irin waɗannan fararen ƙwayoyin jini suke karantawa dare da rana. Ma'aikacin ofis zai gane misalin: takarda ce da aka tanada a ɗauko ta sa'ad da bukata ta taso kawai, sai aka ɓalle ta daga fayil ɗinta aka maƙala ta a fayil ɗin da ba ya barin teburi. Daga nan umarnin rabuwa ba ya tsayawa. Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu cutar haɗin zare na 8 da na 14 ne a jikinsu, sauran kuwa na 8 da na 2 ne, ko na 8 da na 22, kuma duk a gefen ƙwayoyin gadon garkuwa MYC take sauka.

Shaidar ɓeraye

Ganin abu a wurin da ɓarna ta auku bai isa ya tabbatar cewa shi ya yi ta ba, kuma ba a gwada irin wannan a jikin mutum. Nan ne ɓerayen ɗakin bincike suka shigo. Tun farkon shekarun 1960, Michael Potter na Cibiyar Sankara ta Amurka ya gano yadda ake haddasa wata sankarar ƙwayoyin garkuwa a jikin ɓeraye, daga baya aka tarar su ma MYC ɗinsu ta ƙaura zuwa gefen ƙwayar gadon garkuwa, a tsakanin zarensu na 12 da na 15. Kuskure iri ɗaya a jikin halittu biyu ya wuce a ce dacewa ce.

Hujja mafi ƙarfi ta zo a shekarar 1985. Jerry Adams da Suzanne Cory na Cibiyar Walter da Eliza Hall a Melbourne ta Ostareliya, tare da Ralph Brinster da Richard Palmiter na Amurka, suka haɗa MYC da guntun da ke zuga ƙwayar gadon garkuwa, suka cusa haɗin a cikin ƙwan ɓera. Kusan duk ɓerayen da suka gaji wannan haɗi limfoma ta kama su cikin 'yan watanni. Amma akwai darasi na biyu. Ko da yake dukan ƙwayoyin jikinsu suna ɗauke da haɗin, sankarar daga ƙwaya ɗaya take tasowa, bayan jinkiri. Watau haɗin shi ne mafarin, sai an sami wani lahanin ya ƙaru a kai.

Irin wannan lahani na biyu ya bayyana daga wata limfomar dabam ta manya, inda zare na 14 yake haɗuwa da na 18, ya zuga ƙwayar gado mai suna BCL2. A shekarar 1988 masanan Melbourne suka nuna cewa aikin BCL2 shi ne hana ƙwayar jiki mutuwa idan lokacinta ya yi, kuma a 1990 suka ga cewa ɓeran da ya gaji MYC da BCL2 tare sankara takan kama shi da sauri ƙwarai. Ƙwayar da ake ingiza ta rabu takan kashe kanta, to idan aka toshe wannan hanya babu sauran birki. Daga wannan sani ne aka ƙera maganin venetoclax, wanda Amurka ta amince da shi a shekarar 2016 don wata sankarar jini.

A shekarar 1994, bayan rasuwar Burkitt, masana a Asibitin St. Jude na Memphis suka gano wani haɗin mai salo dabam a wata limfomar yara da matasa. A nan ƙwayoyin gado biyu ne, NPM daga zare na 5 da ALK daga zare na 2, suke narkewa su zama ɗaya, su haifar da sabon sinadari wanda babu shi a jikin mai lafiya. Shi ma an sa shi a jikin ɓeraye ya haddasa limfoma, kuma yanzu akwai magungunan da aka ƙera don toshe shi.

Ɓerayen sun kuma amsa tsohuwar tambayar sauro. Fararen ƙwayoyin jini suna da wani sinadari mai suna AID wanda yake yanka ƙwayoyin gadon garkuwa da gangan don a gyara makamai su dace da cutar da ta shigo. A shekarar 2004 ƙungiyar Michel Nussenzweig a Jami'ar Rockefeller ta New York ta nuna cewa sai da AID ake samun haɗin MYC a jikin ɓeraye. A 2015 kuma suka nuna cewa zazzaɓin cizon sauro mai daɗewa yana sa waɗannan ƙwayoyi su yi ta rabuwa suna aiki da AID, har yanka ya auku a inda bai dace ba. Bairos ɗin Epstein-Barr shi kuma yana taimaka wa ƙwayar da ta lalace ta kuɓuta daga mutuwa. Da haka filolin da Burkitt ya soka a taswira suka sami bayaninsu.

Ƙarshen rayuwarsa

A shekarar 1966 Burkitt ya koma Ingila yana aiki da Majalisar Binciken Lafiya. Ya ci gaba da kwatanta cututtukan ƙasashe, ya lura cewa sankarar babban hanji da basir da wasu cututtukan ciki da suka cika Turai ba su da yawa a ƙauyukan Afirka. Ya danganta wannan da cin hatsi da dusarsa da wake da ganye, ya yi ta yawon duniya yana wa'azi a kan haka, har ya rubuta littafi a shekarar 1979. Ba dukan abin da ya faɗa a wannan fanni bincike ya gaskata ba, amma an yarda yanzu cewa irin wannan abinci yana rage haɗarin sankarar hanji. An zaɓe shi cikin Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Sarautar Ingila a shekarar 1972. Ya rasu ran 23 ga watan Maris na 1993 a lardin Gloucestershire, yana da shekara 82.

A ƙasashe masu arziki, kusan yara 9 cikin 10 masu wannan cuta suna warkewa. A yawancin ƙasashen Afirka, inda cutar ta fi yawa, adadin bai kai kusa da haka ba, saboda zuwa asibiti a makare, da tsadar magani, da daina jinya kafin a gama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar Burkitt cikin sankarorin yara guda 6 da ta ba fifiko a shirin da ta ƙaddamar a shekarar 2018, da burin kai adadin masu tsira zuwa kashi 60 cikin 100 kafin 2030. Saboda haka duk yaron da aka ga muƙamuƙinsa ko cikinsa yana kumbura da sauri, ko haƙoransa suna girgiɗa ba dalili, a hanzarta kai shi asibiti, domin a wannan cuta jinkirin mako guda ma babbar hasara ce.